Tafiyata Agege da Kwalbar Turaren Inna

Tun da aka janye yajin aiki muka dawo makaranta, ban taɓa zama a bakin gadona ba sai wata ta leƙo ta ce, "Safiya, wai da gaske kin je Legas? Kin ga teku?" Ban ga teku ba. Na san wannan amsar ce ke ba ku haushi. Jamila 'yar ɗakinmu ma cewa ta yi duk wanda ya je Legas bai ga teku ba, Kaduna ya je ya juyo. To, ga labarin nan na rubuta muku gaba ɗaya. Ku riƙa miƙa wa juna, ni kuma ku bar ni in yi karatun jarrabawa.

Yayata Maryam ita ce 'yar farin Inna. Kun san yadda abin yake a gidaje irin namu. Inna ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata magana ido da ido sai in ya zama dole. Tun da aka kai ta Agege ta Legas, gidan mijinta Yaya Habu, mai sana'ar shanu a kara, sai Inna ta koma ce mata "ta Ikkon nan". Abu ɗaya ne Inna ke yi mata ba tare da kunya ba, shi ne turaren wuta. Da hannunta take haɗawa, ta daddatsa itace, ta jiƙa shi da turaruka, ta rufe a kwalba har ya tsumu. Duk wanda zai yi kudu sai ta miƙa masa kwalba. Ba ta cewa a gaishe ta. Cewa take, "Ga wannan, in an bi ta can."

Ranar Juma'a Yaya Habu kan bugo waya wani shago da ke bakin layinmu a Tudun Wadan Zariya. Ni ke riƙe kan wayar, Inna kuma ta tsaya a gefe tana duba sabulai kamar su suka kawo ta. Gaisuwar Yaya Maryam kuwa sananniya ce a gidanmu. In ta fara, sai ta jero kowa da sunansa, daga Baba har akuyar maƙwabta, ba ta tsayawa ta ja numfashi. Rediyo muke ce mata.

Wannan Juma'ar sai na ji ta ce, "Safiya… kuna… lafiya?" Tsakanin kalma da kalma akwai wani siririn fito, kamar na buta in ruwa ya fara zafi. Ba ta kai ga sunan Baba ba Yaya Habu ya karɓi wayar ya ce mura ce kawai, kuma ta samu sauƙi. A makon nan kuma wata mata da ta dawo daga Agege ta shigo gidanmu ta ce ta gan ta a kwance, ta rame sai idanu.

Inna ta bari sai da muka idar da sallar la'asar. Sannan ta ce, tana kallon tabarma, "Gwaggonki za ta je saro goro. Ki bi ta. Ki gano min da idonki." Ta naɗe sabuwar kwalbar turare cikin tsohon zanenta ta sa a jakata.

Gwaggo Laraba ƙanwar Baba ce. Ta fi shekara ashirin tana hawa da sauka a hanyar kudu, kuma babu direban da bai san bakinta ba. Da asuba muka tashi. Ni na ɗauki littafin Fiziks ɗina, don malaminmu ya rantse ranar da aka dawo daga yajin aiki ranar zai yi mana gwaji a kan kwantum. Gwaggo ta ɗaga littafin ta auna nauyinsa ta ce, "Safiyar boko, wannan in mota ta lalace sai a sa shi waigi."

Daga Kaduna zuwa Birnin Gwari ramuka ne, ba a iya karatu. Bayan Tegina hanya ta ɗan lafa, na buɗe littafin. Kusa da ni akwai wani dattijo mutumin Maraɗi, mai gadi ne a Legas, yana komawa bakin aiki. Ya daɗe yana leƙen zane-zanen kafin ya ce, "Ɗiyata, a lakwal ɗin naku mi kuke karatu haka?"

Na ce, "Ilimin ƙananan abubuwa ne, Baba. Waɗanda ƙwayar ƙura ma dutse ce a wurinsu."

"To mi ya same su?"

Na rasa ta inda zan fara, sai na faɗa masa wanda ya fi ba ni mamaki. Na ce a cikin kowane abu akwai ƙwayoyin zarra, a cikin zarra kuma akwai 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin lantarki. Irin wannan ƙwayar, kafin a auna ta, ba a iya cewa tana nan ko tana can. Yiwuwar duka biyun na tare da ita. Sai an auna, sannan ɗaya ya tabbata.

Ya gyara rawaninsa, ya ce, "Allah dai Ya san inda take."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Gwaggo, wadda na ɗauka barci take, ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Ai marigayi mijina ke nan. Yana kasuwa, yana masallaci, sai an aika nema a same shi a gindin mai shayi."

Motar duka ta kwashe da dariya. Malaminmu ya sha gargaɗinmu cewa wannan dokar ta ƙananan abubuwa ce, kada wanda ya ɗauke ta ya ɗora wa mutane. Na yarda da shi. Amma duk tsawon hanyar nan yayye biyu nake ɗauke da su a ƙirjina, ɗaya tana tsaye tana dariya kamar yadda Yaya Habu ya ce, ɗaya tana kwance sai idanu. Ba na so a kai, kuma na ƙosa a kai.

A gadar Jebba ne na gane an bar gida. Babu wanda ya ce iyaka ce, amma kowa a motar ya gyara zama. Kogin Kwara na ƙasa, faɗi-faɗi, ruwansa launin kunu. Masu kaki suka tsayar da mu suka ce a buɗe kaya. Ɗayansu ya zaro ƙunshin Inna, ya warware zanen, ya ɗaga kwalbar yana kallon baƙaƙen itatuwan da ke ciki.

"Wetin be dis?"

Gwaggo ta ce, "Oga, na perfume for fire."

Bai yarda ba. Ya buɗe murfin ya kai hancinsa ya ja da ƙarfi. Sai atishawa. Ya yi, ya sake, ya sake, har hularsa ta karkace, abokan aikinsa suna riƙe ciki. Ya miƙo min kwalbar yana share hawaye yana yi mana alamar mu wuce. Har muka kai Ilori ana maimaita labarin a mota.

A Ilori muka kwana, gidan wata Alhaja Bayarabiya, abokiyar cinikin Gwaggo. Muna shiga, wani ƙaton saurayi mai gemu ya fito, yana ganin Gwaggo sai ya zube ƙasa rub da ciki. Na yi tsalle na ce, "Subhanallahi, ya faɗi!" Gwaggo ta mintsine ni ta ce gaisuwa ce, ɗan gidan ne. Mu a gida durƙusawa ake yi a sunkuyar da kai, murya ƙasa-ƙasa. Su kuwa jiki duka suke bai wa ƙasa, amma murya tana sama, har in suna yi wa juna sannu sai ka zaci faɗa ne. Aka kawo amala baƙa da miyar ewedu mai yauƙi kamar lalo, da jar miya a kai. Loma ta farko yajin ya tafi min har ƙwaƙwalwa. Na buɗe baki ina neman iska, Alhaja tana buga min baya tana cewa "Pele, pele," wato sannu. Na ɗan jima kafin numfashina ya dawo, kuma a wannan ɗan lokacin Yaya kawai na tuna.

Washegari muka bi Ogbomosho da Oyo da Badun. Rufin kwano masu tsatsa, jar ƙasa, ganye ko'ina. Iskar kanta ta sauya. Ta yi nauyi, kamar mutum na shaƙa ta cikin jiƙaƙƙen mayafi.

Legas ban gan ta sosai ba, ji na yi. Hon, ihu, wa'azi, kiɗa. Muka shiga danfo, motar haya mai launin ɗorawa, kwandasta na lilo a ƙofa da hannu ɗaya. Gwaggo ta ce in an zo inda mutum zai sauka sai ya ɗaga murya ya ce "Owa!" Ta ce in gwada. Da muka iso na faɗa, amma ni kaɗai na ji kaina. Sai da Gwaggo ta saki tata muryar, direba ya taka birki har goshina ya gaisa da kujerar gaba.

Agege kuwa, kuna tsallaka layin dogo sai ku ji kamar an ɗebo wani yanki na Kano an ajiye. Ga masallaci, ga masu shayi, ga huhunan goro jere a rumfa. Sai dai yaran da ke wasa a layi za su fara zance da Hausa, su bi ta Yarabanci, su ƙarasa da Turancin Buroka, ba su ma san sun yi ba. Gidan su Yaya dogo ne, siririn lungu a tsakiya, ɗakuna suna kallon juna, kowace ƙofa da rishonta. Babu tsakar gida. Na yi ta neman inda sama take ban gani ba. A bakin ƙofa mai gidan ke zama, Iya Risi, wata ƙatuwar dattijuwa mai sayar da burodi da wake. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce da Hausarta, "Kanwa Mariamo? Kai sannu. Siga, siga."

Na shiga. Yayyen nan biyu da na ɗauko daga Zariya suka zama ɗaya. Tana tsaye, tana dariya, ta rungume ni. Kuma ta rame. Kafaɗunta a ɗage suke kamar mai ɗauke da bokitai biyu, kuma da na sa kunnena a wuyanta na ji fiton nan can ƙasa.

Yaya Habu ya ce, "Kin gani ko? Na faɗa muku. Kwanan nan ta ji sauƙi sosai. Da watan jiya kika zo da kin yi kuka."

Ɗakin tsaf yake. Taga ɗaya ce, tana kallon bangon gidan maƙwabta, a rufe kuma da labule saboda sauro da warin kwata. A kan kabad ga kwalaben maganin tari na kemis, a bayansu kuma ga kwalaben Inna, wankakku, an jera su kamar kayan ado. Babu ko ɗaya mai turare a ciki.

Yaya ta ce, "Ya ƙare min tun kwanaki. Ɗakin nan in ba a turara shi safe da yamma ba, warin sanyi yake. Kuma an ce hayaƙi na buɗe ƙirji." Da na zaro ƙunshin, ta karɓa da hannu biyu, ta rungume shi. A kusurwar da kasko yake zama, silin ya yi baƙi.

Washegari bayan azahar aka tsuge da ruwa. Matan gidan 'yan arewa suka shigo yi mana sannu da zuwa, ɗaki ya cika. Gwaggo ta ce ai ba a karɓar baƙi a ɗaki mai warin rima. Ta hura gawayi a kasko, ta zuba turaren Inna da hannu sake, ta tura ƙofa ta ce a bar shi ya kama kaya. Hayaƙin ya tashi fari, a hankali, ya tsaya a saman kanmu don ba shi da wurin zuwa. Wallahi na lumshe ido na ga ɗakin Inna, da gadonta mai rumfa, da hasken la'asar a bakin ƙofa.

Yaya ta ja shi har cikin ranta ta ce, "Gida."

Daga nan ta fara tari. Aka ba ta ruwa. Tarin ya koma fito, fiton ya yi ƙarfi har matan suka yi shiru. Ta kasa kwanciya, ta kasa jingina. Ta dafa gwiwoyinta ta sunkuyo, ramin wuyanta na shiga yana fita. Na ce, "Yaya, yi min magana." Ta dube ni kawai. Leɓɓanta sun fara yin duhu.

Gwaggo ta ce sanyin ruwan nan ne, a lulluɓe ta a matso mata da kaskon. Wata ta fara salati da ƙarfi. Salatin ne ya jawo Iya Risi. Ta bankaɗe ƙofar, ta ga Yaya, ta ƙwala wata ƙara da Yarabanci, ta sunkuce ta kamar jaririya. Cikin ruwan nan ta fita ta tsaya a tsakiyar titi, ta ɗaga hannu, wata danfo ta tsaya dole. Ban san me ta faɗa wa fasinjojin ba, amma kujerar baya ta zama tamu nan take. Ta tura mai okada, wato ɗan acaɓa, ya je kara ya kira Yaya Habu.

A hanya muka faɗa goslo. Na riƙe Yaya ta baya, tafin hannuna a kan haƙarƙarinta. Na zana huhu a jarrabawar sakandare na ci maki, amma ban taɓa jin aikinsa a hannuna ba sai ran nan. Iska na shiga da ƙyar, fitarta kuma ta fi wuya, kamar ana matse ta ta cikin tsinke. Na riƙa ja ina saki a kunnenta, ina cewa, "Bi ni, Yaya, bi ni." Iya Risi ta leƙa ta taga tana zagin duk motar da ke gabanmu, kwandasta ya sauka yana buga bodin motoci yana buɗe hanya da hannu.

Wani ƙaramin asibiti muka je. Likitar mace ce 'yar Filato, Hausarta irin ta Jos. Ba ta tsaya tambaya ba. Aka rufe wa Yaya hanci da baki da wata roba mai fitar da magani kamar tururi, aka yi mata allura, aka maƙala mata wani ɗan abu a yatsa mai jan haske a ciki, da waya zuwa wani akwati mai nuna lamba. Likitar ta ce, "Wannan lambar nake so ta hau. Ku yi addu'a, ku bar min kuka."

Muka zuba wa lambar ido. Ta tsaya. Ta ɗan motsa. Ta koma. Sannan ta fara hawa, a hankali, kamar tsohuwa a matakala. Fiton ya yi laushi. Kafaɗun nan da ke ɗage tun zuwana suka sauko. Yaya ta buɗe ido, ta janye robar kaɗan ta ce, "Gwaggo, ɗankwalinki ya faɗi a mota." Gwaggo ta taɓa kanta, ta ji gashi a waje, ta fashe da kuka da dariya lokaci ɗaya.

Yaya Habu ya shigo a jiƙe sharkaf, takalmi ƙafa ɗaya. Likitar ta zaunar da mu. Tana wucewa ta gefena sai ta tsaya, ta kama bakin gyalena ta sansana.

"Wannan ƙamshi, a ɗakinta ake yin shi?"

Gwaggo ta gyara zama ta ce, "Daga Zariya. Uwarta ce ke haɗawa da hannunta. Babu irinsa a Ikko."

"Kullum?"

Yaya Habu ya ce, "Safe da yamma, in akwai."

"In babu fa?"

Ya buɗe baki zai amsa, sai ya tsaya. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa. Ya ce a hankali, "Da ya ƙare ne ta ji sauƙi."

Likitar ta ɗaga hannunta ta kifa shi, yatsu suna kallon ƙasa. Ta ce mu ɗauka bishiya ce a kife cikin ƙirji. Maƙogwaro ne gangar jikinta, ya rabu biyu, kowane reshe ya yi ta rabuwa har ya fi zare siranta. A ƙarshen kowane akwai 'yan jakunkuna, jini na zagaye da su. Huhu ba ya jan iska da kansa. Akwai wata faffaɗar tsoka a ƙarƙashinsa, in ta yi ƙasa ƙirji ya buɗe iska ta shigo, in ta saki iska ta fita. A jakunkunan nan ne jini ke karɓar oksijin, ya sauke gurɓatacciyar iskar da ya kwaso daga jiki.

Ta ce, "Ita tana da asma. Rassanta masu saurin fushi ne. In hayaƙi ya taɓa su sai su kumbura, su tsuke, majina ta cika su. Shi ne fiton da kuke ji."

Gwaggo ta ce, "Haba likita. Mu da aka haife mu cikin hayaƙin nan? Ita kanta a ciki ta girma."

"A gida kuna da tsakar gida, Mama. Ƙofa a buɗe, hayaƙi ya yi ƙamshinsa ya tafi. Nan ina zai je? Kuma ba kowane huhu ne irin naki ba." Ta ce turaren wuta ya fita daga ɗakin gaba ɗaya, da maganin sauro na ƙonawa, risho kuma ya tsaya a waje. Ta ba da abin shaƙa guda biyu, ta nuna mata na kullum da na lokacin da abin ya taso.

Aka bar ni ni kaɗai a gefen gadon. Yaya na gyangyaɗi, ni kuma ina kallon yatsarta. Jan hasken ya ratsa ta, farcen ya yi kamar garwashi. Ina cikin kallo sai na ji wani abu ya warware a kaina, kuma ku 'yan ajinmu ku saurara, don wannan zai fito a jarrabawa.

Haske ba ya zuwa kamar ruwan famfo. Ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, kuma kowane launi da ƙarfin ƙwayarsa. Ƙwayoyin lantarkin da ke cikin abu kuma kamar a kan matakala suke. Suna iya tsayawa a wannan mataki ko wancan, amma ba sa tsayawa a tsakani. Saboda haka ba sa karɓar kowace ƙwayar haske, sai wadda ƙarfinta ya yi daidai da tazarar matakin. Sauran su wuce. Daga nan launin kowane abu yake fitowa. A cikin jini akwai wani sinadari mai ƙarfe a tsakiyarsa, shi ke goya oksijin. In ya goya, matakalarsa ta sauya, ya rage shan jan haske, jini ya yi ja wur. In ya sauke, ya ƙara sha, jini ya yi duhu, irin duhun da na gani a leɓɓan Yaya. Ɗan abin nan yana tura haske iri biyu ta cikin yatsa, ja da wani wanda ido ba ya gani, ya duba nawa ya tsallake, ya gaya wa likita yadda jinin ya ƙoshi.

Shekara guda ina haddace wannan matakala, ina ganin ta kamar labarin wata duniya da ba ruwanta da kowa. Ashe tana nan riƙe da yatsar yayata. Da likitar ta dawo na faɗa mata. Ta yi murmushi ta ce, "To ki ci jarrabawarki, ki zo ki riƙa gyara mana shi in ya lalace."

Kafin a sallamo Yaya, mun wanke ɗakin kaf, labule, zannuwan gado, har bango. Yaya Habu ya sayo gidan sauro, ya sa kafinta ya buga wa tagar raga don a bar ta a buɗe, ya kuma fara cigiyar ɗaki mai taga biyu. Sauran turaren Iya Risi ta karɓa za ta kai wa 'yarta a wata unguwa. Gwaggo da kanta ta fitar da kaskon, tana ta mita wai ita ba ta taɓa ganin ciwo mai ƙin ƙamshi ba.

Da Yaya ta shigo ta tsaya a tsakiyar ɗakin ta shaƙa. Sabulu kawai. Sai hawaye. Ta ce, "Safiya, to yanzu da me zan riƙa jin Inna?" Na miƙa mata zanen da aka naɗo kwalbar, wanda na wanke na shanya. Ta ɗaura shi a take.

Na ƙara kwanaki har Gwaggo ta gama haɗa goronta. Na ci burodin Agege da wake mai baƙin yaji har na saba. Na iya cewa "Owa" mota ta tsaya. Yaya Habu ya ce ranar Lahadi zai kai ni bakin teku, kada in koma a yi min dariya. Ranar ta zo, Yaya ta kwanta ƙailula bayan azahar, na zauna kusa da ita in jira shi. Numfashinta na shiga, yana fita, dogo, ba fito, ba gargada. Na daɗe ina saurare. Da ya yi sallama a ƙofa na ce masa ya bari kawai. An ce shi ma tekun abin da yake yi ke nan, ya zo ya koma. Jamila, ki yi haƙuri.

Ranar tafiya Yaya ta zuba min kwalaben Inna, wankakkun nan, a jaka. Ta ce, "Ki kai mata. Kada ki ce komai sai ta tambaya."

Inna ba ta tambaya ba sai da na huta na ci tuwo. Ta ga kwalaben a jere a kan tabarma, ta ce, "Yaya kika same su?" Na faɗa mata duka. Na so in ɓoye zancen turaren, amma da idona ta ce in gano mata. Ta saurara har ƙarshe, kanta a sunkuye. Ta ce, "To." Ta tashi ta shiga ɗaki. Kwanakin da suka biyo baya ba a kunna turare a gidanmu ba, kuma ba ta yi wa kowa doguwar magana ba.

Ranar Juma'a muka je shago. Waya ta yi ƙara, na ɗauka, Inna ta juya wajen sabulai. Sai muryar Yaya ta cika min kunne: "Safiya kun wuni lafiya ya gajiyar hanya ya Baba ya ƙafarsa ya Gwaggo ta sayar da goron ya su Malam na zaure ya Hajiyar maƙwabta akuyarta ta haihu kuwa…"

Ban ankara ba na ji an zare wayar daga hannuna. Inna ce. Tunda nake ban taɓa ganin ta riƙe wayar nan ba. Ta kanga ta a kunne da hannu biyu tana saurare. Yaya ba ta san an canza hannu ba, ta ci gaba da jero mutanen unguwa, ina jiyo ta daga inda nake tsaye. Mai shago ya matso zai yi magana, Inna ta ɗaga masa hannu. Sai da Yaya ta kai ƙarshen layinmu ta tsaya don kanta, sannan Inna ta ce, "Duk suna lafiya." Ta miƙo min wayar da sauri, ta ja mayafinta ta fita.

A hanyar gida tana gaba ina biye. Mun kusa ƙofa ta rage tafiya, ba ta waiwayo ba, ta ce, "Kwalaben nan, kin ce duka a wanke suke?"

Na ce, "E, Inna."

Ta sa ƙafa a bakin zaure, ta sake jefo tambaya.

"Ita likitar, ta hana man shanu? Kada kwalaben su zauna haka nan."